Jan Zaren Mama Yagana

Idan ka shigo unguwar Lamorde a Mubi kana tambayar gidan Yagana 'yar Babakura, sai a yi ta kallonka kamar ka zo da wani yare. Amma ka ce gidan da kaji ke ɗingishi, kowa zai nuna maka ƙofa. Katanga ɗaya ce tsakanina da ita, shekara goma sha tara ke nan. Sunana Miriyamu, na koyar da aji uku a firamare har na yi ritaya, kuma a da ina ganin babu abin da wannan tsohuwa za ta koya mini.

Mai ɗori ce. Ubanta Babakura ya zo Mubi daga Borno da fataucin bandar kifi, ya zo kuma da ɗori, gadon gidansu. Masu kama shanu a kasuwa su ne suka fara saninsa, don duk mako sai sa ya yi ƙwallo da wani. Ɗansa namiji ya ce shi tuƙin mota yake so, sai tsohon ya zaunar da 'yarsa kusa da shi tana miƙa masa tsumma da man kaɗanya. Yanzu ta haura sittin, gajeriya ce, ba ta da yawan fara'a, yatsunta kuwa kamar na maƙeri. A shekarar da 'yan bindiga suka sa muka gudu daga garin nan, a kan hanyar dutse, na ga ta ɗora ƙafar wani tsoho da karan dawa da gefen zanenta, ya kuma taka.

Maganar kajin kuwa, al'adar gidansu ce. Wanda ya kawo mai karaya zai zo da kaza. Sai Mama Yagana ta karya ƙafar kazar, ta ɗora ta tare da ta mutumin. Na sha yi mata tsiya a kan wannan, malaman unguwa ma sun yi mata magana. Amsarta ɗaya ce kullum.

"Malama, kaza ba magani ba ne, agogo ne. Ranar da ya taka ƙasa, na san kwana nawa ya rage in kwance mutum."

Ba ta yanka su, ba ta sayarwa, shi ya sa tsakar gidanta ya cika da guragu masu ƙiba.

Karan ɗori ma ba ta zubarwa. In ta kwance wa mutum, sai ta haɗa karan wuri ɗaya, ta naɗe da tsumman da aka yi ɗaurin da shi, ta ɗaure da zare, ta soke a rufin zaure. Yawanci farin zare ne, amma nan da can akwai ja. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce farin ne ya ƙare mata. Na yarda, ni mai takardar koyarwa.

Akwai kuma dokar da ubanta ya bar mata, wadda take maimaitawa kamar karatu: mai ɗori ƙashi yake tambaya, ba mutum ba. Ka ce ka faɗo daga mangwaro, to daga mangwaro ka faɗo. Wannan rufin asiri shi ya sa Musulmi da Kirista, daga Digil har Maiha, kowa gidanta yake kawo nasa.

Tabitha 'yar yayata ce. Uwarta ta rasu tana 'yar shekara tara, a ɗakina ta girma. Ita ta zaɓi mijinta, Elkana, manomi a Digil, tare suke waƙa a coci. Yaro ne mai gaisuwa har ƙasa, in ya zo gidana ba ya zama a kujera sai na ce sau biyu. Ita kuma akwai ta da noma, gyaɗarta da wakenta da kanta take kawowa kasuwar Mubi. Suna da 'ya mace ɗaya.

Karon farko da kaka ne, ana cire gyaɗa. Elkana ya kawo ta a keke mai ƙafa uku, hannun dama a rataye, kaza a hammatarsa.

"Na faɗi a mayo, Mama," in ji Tabitha. "Ina wanki, dutse ya yi santsi."

Mayo shi ne rafi a bakin mutanen nan. Mama Yagana ta shafa hannun, ta ɗan dubi Tabitha. Ta ja, ta daidaita, ta ɗaure. Bayan mako shida hannu ya miƙe sumul, Tabitha ta koma gona.

Karo na biyu a watan Maris ne, bayan shekara ɗaya da rabi. Hannu ɗaya, wuri ɗaya, magana ɗaya: ta faɗi a mayo. A watan Maris ko akuya ta san babu komai a mayo sai yashi. Ni kaina na san haka, amma na haɗiye. A gidana ta yi jinya, sai da aka kwance ɗorin da mako guda, muna tsince wake, ta faɗa mini gaskiya. Ƙotar fartanya ce. Na farkon a kan kuɗin gyaɗar da ta sayar ba ta tambaye shi ba, na biyun ita kanta ba ta san dalili ba.

Na ɗauki jakata na ja ta zuwa wurin 'yan sanda. Wanda muka samu mutumin kirki ne, ya ba mu kujera, ya saurare mu har ƙarshe. Sai ya tambayi takardar asibiti. Babu. Hoton ƙashi? Babu. Ya ce ta miƙe hannun, ta lanƙwasa, ta juya.

"Mama, wannan hannu ai lafiyarsa ƙalau," in ji shi. "Wa ya ɗora? Ya iya aiki."

Duk da haka ya rubuta ƙorafin. Kwana uku bayan nan sai ga dattawa a ƙofar gidana, nasu da namu, sun zo biko. Sun kawo zane turmi biyu, da sabulu, da ɗan bunsuru. Aka yi addu'a. Elkana ya durƙusa yana kuka da hawaye na gaske, yana cewa sheɗan ne. Aka ce zo mu zauna zo mu saɓa, aka ce mahaƙurci mawadaci, aka ce a dubi yarinyar da ke tsakani. Aka kawo takardar janye ƙara. Tabitha ta dube ni, ni kuma na gyaɗa mata kai. Ni na sa hannu a matsayin shaida, da kyakkyawan rubutuna na malamar makaranta, ni kuma na riƙe mata jaka har cikin keke. Har gobe ina jin kunyar wannan ranar, kuma ba na so ta daina damuna.

Da yamma na leƙa ta katanga na ba Mama Yagana labari. Don in faranta mata, na ƙara da cewa har ɗan sanda ya yabi aikinta. Tana ba kaji dusa, sai ta tsaya da kwano a hannu.

"Me ya ce?"

Na maimaita.

"Wato da na ɗora shi a karkace, da sun gani," in ji ta.

Ta shiga ɗaki. Jikarta ta gaya mini ranar ko tuwo ba ta ci ba.

Karo na uku da daminar bara ne, lokacin noman biyu, da hantsi. Na ji tsayuwar keke, na ji kukan kaza, ban san lokacin da na fito ba ɗankwali ba. Tabitha na zaune a tabarmar zaure, leɓenta a fashe, hannun ya kumbura kamar tulu. Maƙwabta sun fara taruwa a ƙofa. Elkana ya durƙusa ya gaida Mama Yagana, ya miƙa kaza.

"Mama, ga shi, shi ne babba a gidan. Ta sake faɗuwa, ƙafanta ba ya riƙe ƙasa."

Mama Yagana ta shafa hannun a hankali, ta daɗe tana shafawa. Sannan ta juyo, ba ta karɓi kazar ba.

"Yatsuna suna ciwo yau, Elkana. Karya mini ƙafar da kanka."

Ya dube ta, ya dubi mutanen ƙofa.

"Karya mana. Ai ka san yadda ake yi."

Ba ta ɗaga murya ba. Ya kama ƙafar kazar, kazar ta yi ƙara. Ƙato ne mai ɗaukar buhun masara shi kaɗai, amma a gaban mutane ya kasa. Ya saki kazar ta ruga cikin guragun, ita kaɗai mai ƙafa biyu lafiyayyu.

"Wannan hannu ba zan ɗora ba," in ji Mama Yagana. "Malama, kira keke. Asibiti za mu, a ɗauki hoto, a ba mu takarda mai hatimi."

Sai wanda ya san ta zai gane girman wannan magana. Matar da ta yi shekara arba'in tana cewa 'yan asibiti ba su san komai ba sai zuba wa mutum siminti, ita ce ta zauna a benci tun hantsi har la'asar, da hijabinta mai ƙanshin man kaɗanya, tana jiran layi. Da hoto ya fito, likita ya ɗaga shi a haske ya nuna mana sabuwar karayar, ya kuma nuna wasu kumburi biyu a jikin ƙashin, tsofaffi. Abin da idon ɗan sanda bai gani ba, ƙashi ya ajiye. Likitan ya ce sai an yi aiki an sa ƙarfe, kuma kada mu sa rai hannun zai ƙara ɗaukar fartanya.

Da aka sallami Tabitha, na gyara mata ɗakinta na da. Mama Yagana ta ce a'a.

"Ƙofar gidanki taushi gare shi, Malama. Dattawa suna turawa yana buɗewa. Ta zauna wurina."

Maganar ta yi mini zafi, amma ban da bakin musu. Haka Tabitha da 'yarta suka koma ɗakin tsohuwar. Ran Lahadi Mama Yagana ce ke tashin su kada su makara coci.

Ƙara ta shiga, wannan karon da takarda. Amma saƙon dattawa bai daina zuwa ba. Wata lauya mai suna Afrah Abdulwahhab, yarinya ce ƙarama mai tabarau wadda ta ɗauki shari'ar kyauta, ta gaya mana gaskiya. Ta ce doka akwai ta a takarda, amma in mai ƙara ta janye, shaidu suka noƙe, yawanci magana takan mutu a nan. Tabitha kuwa ta fara laushi. Takan ce gonarta tana can ciyawa ta cinye, takan ce 'yarta tana tambayar babanta, takan ce ba za ta tsufa a ɗakin mutane ba. Na san wannan muryar, na taɓa jin ta kafin in sa hannu a waccan takarda. Aka sa ranar da dattawa za su dawo, Lahadi ta ƙarshen wata.

Ana saura kwana huɗu, ƙungiyar su Afrah ta kira taro a wani ɗakin taro cikin gari. Suna tattara ra'ayin jama'a ne su kai wa 'yan majalisa a Yola, a ƙara wa dokar ƙarfi. Afrah ta roƙi Mama Yagana ta yi magana. Ni na zauna na rubuta mata jawabi shafi biyu, da gabatarwa da kammalawa, a kan zan karanta a madadinta tunda ba ta yi boko ba. Da safe na same ta ta hau turmi tana zare abubuwa daga rufin zaure tana zubawa a buhu. Ta ce in riƙe takardata, wataƙila a buƙaci fifita.

Ɗakin ya cika. Akwai limamai da fastoci a gaba, da masu unguwa, da mata a baya kamar kullum. Masu ilimi suka yi ta magana da Turanci ana tafi. Da aka kira ta, sai ta ja buhunta har gaban tebur ta zazzage. Ƙullin karan ɗori ne, kowanne da tsummansa, kowanne da jan zare. Ta ƙi karɓar abin magana, sai da Afrah ta riƙe mata.

"Ni ban iya lo ba," in ji ta, tana nufin doka. "Ƙashi na iya. Ina roƙo kowa ya yi abu ɗaya. Ku ɗauka wani ya ɗago sanda zai sauke muku a ka. Ku tare."

Aka yi 'yar dariya. Amma mutane suka ɗaga hannu, har manyan gaba, kowa ya kare fuskarsa da hannu a gicciye.

"To ku tsaya haka. Ku dubi inda sanda zai sauka. Tsakanin gwiwar hannu da tsintsiya, ta gefen ƙaramin yatsa. Wanda ya faɗi, tafi yake kai wa ƙasa, a tsintsiya yake karyewa. Wanda ya karye a nan, ba faɗuwa ya yi ba, kansa yake karewa. Tun ina yarinya na san wannan. Duk wanda na ɗora a nan, ja nake ɗaura masa."

Dariya ta ɗauke. Hannuwa suka sauka a hankali. A nan ne na gane cewa farin zare bai taɓa ƙare mata ba.

"Arba'in da uku ne. Akwai masu zuwa masallaci, akwai masu zuwa coci, ƙashinsu iri ɗaya ne. Ba zan faɗi sunan kowa ba. Dukansu sun ce mini a mayo suka faɗi, ni kuma na ce to. Na ɗora da kyau, na mayar. Ubana ya ce kada in tambaya, Allah Ya jiƙansa, shi shanu ne suke karya masa mutane."

Wani dattijo a gaba ya yi gyaran murya, ya ce cikin ladabi, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma in aka ce kowace rigima sai kotu, aure zai ƙare a garin nan.

"Gaskiya ne, Baba," in ji ta. "Ku yi sulhu a kan gishirin miya, ku yi a kan baƙar magana, ba ruwan kowa. Amma in ƙashi ya karye, a rubuta a dokan cewa hannun dattawa ba zai kashe kes ba, sai alƙali ya gani da idonsa. Kuma a yi wa mata gida inda za su zauna kafin a gama, don ɗakina ɗaya ne. Mu masu ɗori kuma a tilasta mana, in mun ga irin wannan, hoto tukuna."

Sai ta sunkuya ta ɗauko wasu ƙulli uku da aka haɗa wuri ɗaya, tsummansu ya tsufa.

"Wannan uku na mace ɗaya ne. Ba ta zo na huɗu ba. Aiko mini aka yi, na je na yi mata wanka."

Ta ajiye, ta dangwala yatsa a takardar Afrah, ta koma wurin zamanta. Tabitha tana kusa da ni, hannunta a rataye. Idonta yana kan tebur, a kan wasu ƙulli biyu masu tsumman atamfa shuɗiya. Na gane atamfar, ni na saya mata da aurenta. Ba ta yi kuka ba, sai dai na ga leɓenta yana motsi kamar mai ƙirga.

Ran Lahadi dattawa suka zo, wannan karon da zane turmi uku. Mama Yagana ta shimfiɗa musu tabarma a zaure, ta kawo ruwa, ta koma gefe ta zauna. Aka yi addu'a, aka yi jawabi, aka fito da takarda. Aka dube ni, na sunkuyar da kai ina kallon kaji. Sai babban cikinsu ya ce, "Tabitha, 'yata, me kika ce?"

"Baba, na gode da tafiya da kuka yi," in ji ta. "Na yafe masa, Allah Ya gani. Amma ba zan sa hannu ba, kuma ba zan koma ba. Uku ya ishe ni."

Suka daɗe suna magana bayan nan, ba ta taɓa takardar ba. Da za su tafi, ta tura 'yarta ta bi su da zannuwan.

Ba zan yi ƙarya in ce komai ya gyaru ba. Takardar su Afrah ta tafi Yola, har yau muna sauraro. Shari'a tana nan ana ɗagawa, ko da yake alƙali ya hana Elkana zuwa inda Tabitha take. Hannun Tabitha ya warke amma ba ya juyawa sosai, ta bar noma, tana soya ƙosai a ƙofar gida da hagu, tana kuma naɗe wa Mama Yagana tsumma. Wasu danginmu ba sa gaishe ni. Masu kawo wa tsohuwar ɗori sun ragu, don wasu maza sun ji labari, yanzu wani mai ɗori a hanyar Maiha suke kai matansu, wanda ba ya tambaya. Wannan shi ya fi ci mata rai. Takan ce shi ya sa take son doka, don ita kaɗai in ta tambaya, gudu kawai za a yi. Kaza kuwa ta daina karyawa, ta ce ta sayi kalanda.

Makon jiya ina zaune a zauren muna hira, sai ga wata yarinya ta shigo ita kaɗai, ba za ta wuce ashirin da biyu ba, da goyo a baya, ta tallafe hannun dama da na hagu a ƙarƙashin hijabi. Ta gaishe mu da murya ƙasa-ƙasa. Mama Yagana ta zaunar da ita, ta shafa hannun, na ga yatsunta sun tsaya a wurin da na riga na sani.

"Na faɗi ne a mayo, Mama," in ji yarinyar, idonta a ƙasa.

Mama Yagana ta ɗago kai ta dubi ƙofa. Tabitha ta sauke kaskon ƙosai daga wuta, ta goge hannu, ta shigo ta zauna kusa da yarinyar har gwiwarsu na taɓa juna. Ta naɗe hannun rigarta, ta nuna mata dogon tabon ɗinki.

"Sannu, 'yar'uwa," in ji ta. "Ni ma a wannan mayon na faɗi. Sau uku."